Darasi Daga Ɗakin Sana'a: Yi wa Lasifikar Mota Mazauni

A shafin kimiyya da sana'a na wannan shekara mun ga ya kamata mu ɗauki wani ƙaramin aiki wanda duk ɗalibin da ya gama aji uku zai iya yi da hannunsa, watau yi wa lasifikar mota mazauni na katako. Dalilinmu a fili yake. Gonin Gora tana bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja, mota ba ta yankewa dare da rana, kuma da yawa daga cikin iyaye da 'yan'uwan ɗalibanmu direbobi ne, ko makanikai, ko masu wayarin. Yawancin motocin da ke kan hanyarmu sun yi shekaru a wata ƙasa kafin su iso nan, lasifikokin da suka zo da su kuwa zafi da ƙura sun riga sun cinye su. Mai mota yakan tara kuɗinsa ya sayi sabuwar lasifika babba, a cusa ta a ƙofa, a ɗaure da noti biyu da guntun waya. Sa'ad da ya kunna rediyo sai ya ji murya siririya kamar ta gwangwani, ƙofa kuma tana ta kakkarwa. Sai ya ce mai kanti ya cuce shi. Sau da yawa mai kanti ba shi da laifi. Lasifikar lafiyarta lau, mazauni ne ba ta samu ba.

Kafin mu ɗauki zarto, bari mu fahimci abin da muke yi wa mazaunin. Idan muka juya lasifika za mu ga baƙin ƙarfe mai nauyi a bayanta, wannan maganaɗisu ne. A tsakiyarsa akwai siririyar waya da aka nannaɗe, wadda masu gyara ke kira kwayil, an kuma manna ta a gindin wata takarda mai siffar mazurari. Sa'ad da wuta daga rediyo ta bi ta cikin kwayil ɗin, maganaɗisu yakan tura shi gaba, ya jawo shi baya, takardar kuma ta bi shi, tana tura iska. Wannan motsin iskar shi ne kunnenmu yake ji. Waɗansu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, su ne suka bayyana wannan tsari a 1925, har yau kuwa ba a sāke shi ƙwarai ba. Shekara biyar bayan haka, a 1930, kamfanin Paul Galvin a Cikago ya fara sayar da rediyon mota mai suna Motorola. Tun daga lokacin masu mota suke fama da tambayar da muke yi yanzu: a ina za a zaunar da lasifikar, kuma a kan me?

Ga wani gwaji da kowa zai iya yi a gida. A ciro lasifika daga tsohuwar rediyo, a bar wayoyinta a haɗe, a riƙe ta a hannu, a kunna waƙa mai ganga. Za a ji muryar mai waƙa, amma gangar ta ɓace. To, a sami babban kwali, a yanka rami daidai da bakin lasifikar, a zaunar da ita a ramin ba tare da an taɓa makunnin ƙara ba. Nan take gangar za ta dawo. Ba mu ƙara wuta ba, ba mu sāke lasifika ba, kwali kawai muka sa.

Me ya faru? Takardar lasifika fuska biyu gare ta. Sa'ad da ta matsa gaba tana danne iskar da ke gabanta, a daidai wannan lokaci kuma tana barin gurbi a bayanta. Idan ba abin da ya raba gaba da baya, iskar da aka danne ba za ta wahalar da kanta zuwa kunnenmu ba, sai kawai ta zagaya gefen lasifikar ta cike gurbin nan na baya. Abin da gaba ya yi, baya ya warware shi. Kamar mutum ne yana ɗebo ruwa daga wannan gefen randa yana zubawa a wancan gefen.

Ɗalibi mai lura zai tambaya, me ya sa gangar ce take ɓacewa, muryar mai waƙa kuwa ta tsira? Amsar tana cikin lissafi. Sauti yana tafiya cikin iska kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya. Kunnen yaro mai lafiya yana jin sauti daga mai karkarwa sau 20 a daƙiƙa har zuwa mai karkarwa sau 20,000. Kakkauran sauti, irin na babbar ganga, karkarwarsa kaɗan ce, mu ce sau 100 a daƙiƙa. Idan muka raba 340 da 100 za mu sami tsawon zangonsa, watau mita 3.4, kusan tsawon ƙaramar mota. Lasifikar ƙofa kuwa faɗinta bai wuce santimita 16 ko 17 ba. Ga sautin da zangonsa ya fi mita uku, zagaya abu mai faɗin tafin hannu biyu ba aiki ba ne, iskar tana da isasshen lokaci ta je baya kafin takardar ta juyo. Amma siririn sauti mai karkarwa sau 5,000 zangonsa bai kai santimita 7 ba, ya fi lasifikar ƙanƙanta, saboda haka yakan miƙe gaba abinsa. Wannan ne ya sa lasifikar da ba ta da mazauni take yin ƙara mai tsinin kunne, ba kauri.

Daga nan muna iya faɗin aikin mazauni. Dole ya raba iskar gaba da ta baya, kada a bar ko ƙaramar kafa. Dole kuma ya riƙe lasifikar gam, gama idan mazaunin yana rawa, ƙarfin da ya kamata ya motsa iska zai ƙare a girgiza ƙarfen ƙofa. Duk sauran abin da za mu faɗa hanya ce kawai ta cika waɗannan biyu.

Mu fara da ƙofa, domin nan ne wahalar take. Ramin da kamfani ya bari a ƙarfen ƙofa an yi shi domin lasifikarsu ne, da wuya ya dace da wadda muka saya a kasuwa. Wani lokaci ramin ya yi faɗi, wani lokaci hujojin noti ba su hau juna ba, mafi yawa kuma maganaɗisun sabuwar ya fi na tsohuwar zurfi. Maganin duka ukun ɗaya ne: zoben katako, mai kama da gammo, wanda za a ɗaure a jikin ƙofa, sa'an nan a ɗaure lasifikar a kansa.

Awo ne farko, kuma awon da mutane suka fi mantawa shi ne na gilashi. A cire murfin ƙofa na ciki, a fitar da tsohuwar lasifika, sa'an nan a sauke gilashin taga har ƙasa. A zura rula ta ramin har ta taɓa gilashin, ko ƙarfen da ke ɗaga shi, a rubuta. A auna zurfin sabuwar lasifika daga leɓenta zuwa ƙarshen maganaɗisu. Ga misali, idan wurin da ke akwai milimita 50 ne, lasifikar kuma 58, to, tana bukatar a ɗago ta da milimita 8, mu ƙara 5 domin kada su gogi juna a kan gargada, ya zama 13. Katako mai kaurin milimita 15 zai yi. Amma akwai iyaka ta wancan gefen kuma: idan zoben ya yi kauri da yawa, takardar lasifika za ta riƙa bugun murfin ƙofa sa'ad da aka mayar da shi. Wanda ya auna gefe ɗaya ya bar ɗayan zai yi aiki sau biyu. Wanda bai auna gilashi ba kuwa, ranar da ya sauke taga ya ji ƙas, zai gane cewa gilashin ƙofa ya fi lasifikar tsada.

Kada a taɓa katako tukuna. A fara yin zoben da kwali. Tsohuwar lasifika ita ce ma'aunin gefen waje da na hujojin ƙofa: a kifa ta a kan kwali a zagaya da fensir, a yi alama a kowace huda. Ramin tsakiya kuwa na sabuwar ne. A auna faɗin ƙarfenta a ƙarƙashin leɓe, a raba biyu, wannan shi ne nisan da za a buɗe kamfas. Idan kamfas ɗin akwatin lissafi ya gaza, a yanko ɗan siririn kwali, a soka ƙusa a wannan ƙarshe, fensir a wancan, ga kamfas ya samu. Muna gargaɗi kada a dogara da lambar da aka rubuta a jikin kwalin lasifika. Inci shida da rabi na wannan kamfani ba lalle ya zama daidai da na wancan ba. A gwada zoben kwalin a jikin ƙofa, a ɗora lasifika, a ɗaga gilashi a sauke, a kara murfin. Kwali idan ya ɓaci ba a yi hasarar kome ba.

Sai zaɓen katako, a nan kuwa yanayin Kaduna ne zai yi mana hukunci. Mutane da yawa ba su san cewa cikin ƙofar mota yakan jiƙe ba. Ruwan sama yana bin gilashi ya gangara ciki, shi ya sa kamfani ya bar ƙananan ramuka a ƙasan ƙofa domin ya fita, ya kuma manna leda tsakanin ƙarfe da murfin. Akwai wani katakon da ake yi da garin itace da gam, wanda kafintoci ke kira MDF. Yana da daɗin yanka, ba ya kuma amsa kuwa, saboda haka masu yin akwatin lasifika suna sonsa. Amma idan ya sha ruwa sai ya kumbura kamar burodi a shayi, noti kuma su sake shi. A cikin ƙofa, ruwan Agusta ɗaya ya ishe shi. Falankin itace zalla shi kuma yakan sha laima da damina, ya bushe da hunturu, ya tsage daidai inda noti ya shiga, gama zobe siriri ne. Abin da muka fi amincewa da shi shi ne filawud mai kyau, domin an jera fallayensa wannan a tsaye wancan a kwance, ba ya tsagewa ta gefe ɗaya. Ba sai an sayi fai ɗaya cur ba. Guntayen da kafinta ke zubarwa a ƙarƙashin teburinsa sun isa zobe huɗu. Wanda ya je Panteka, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, zai sami guntayen, da noti, da samfefa, ya kuma ga yara sa'anninsa suna koyon irin wannan aiki a hannun iyayen gidansu. Zuwa can kaɗai ma darasi ne.

A kwafi zanen kwalin a kan katako. A fara yanka ramin tsakiya tun katakon yana da faɗin da za a danne shi, daga baya a yanka gefen waje. Mai ƙaramin zarto na lantarki zai gama cikin minti kaɗan. Wanda ba shi da shi, sai ya jera hujoji kusa da juna a cikin layin, ya fasa tsakiyar da kurfi, ya gyara da magagari da samfefa. Yana cin lokaci, amma sakamakon ɗaya ne. Lasifikar ta shiga ramin ba tare da an tilasta mata ba, leɓenta kuma ya kwanta a kan katako ko'ina. Kowane noti a fara yi masa 'yar huda siririya kafin a murɗa shi. Bayan haka a shafe zoben da fenti mai mai, shafi biyu ko uku, musamman bakin da aka yanka, domin ta nan ruwa yake shiga. A bar shi ya bushe sosai. Ɗalibai ba sa son wannan mataki domin ba a ganin amfaninsa ran nan, sai bayan shekara biyu.

Wajen ɗaurawa mu tuna da kwalin gwajinmu. Ƙarfen ƙofa ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da tudu da kwari, idan aka ɗora katako a kansa haka kawai za a bar kafofi, ta nan kuwa gangar za ta gudu. A yanko zobe daga tsohon tib na taya, ko siririn soso, a sa tsakanin ƙarfe da katako, a sa wani tsakanin katako da lasifika. A ɗaure noti duka, ba biyu ba, ana bi ɗaya nan ɗaya can ƙetare, kamar yadda ake ɗaure taya, domin kada ƙarfen lasifikar ya karkace har kwayil ya riƙa gogar maganaɗisu. Ledar nan da kamfani ya manna, a mayar da ita wurinta. Sukuddireba kuma a riƙe shi da hannu biyu, gama maganaɗisu yana jan ƙarfe, kuma takarda ba ta jure tsini.

Bayan kujerar baya ya fi sauƙi. A motoci masu but, irin su Fijo 504 da masana'antar Kakuri ta yi shekaru tana harhaɗawa bayan buɗe ta a 1975, ko Corolla ta yanzu, allon da ke ƙarƙashin gilashin baya ya riga ya raba ɗaki da but, but ɗin kuma ya zama wa lasifika babban akwati. Abin da ake bukata shi ne shimfiɗar filawud mai kauri domin allon ya daina rawa. Sai dai a leƙa ƙasa kafin a huda. A waɗansu motoci, kamar tsofaffin Marsandi, tankin mai yana tsaye a bayan kujerar baya, dab da wurin.

Masu son akwati dabam a but, lissafinsa na aji biyu ne: tsawo sau faɗi sau zurfi, daga ciki. Santimita 35 sau 30 sau 25 ya ba da 26,250, watau lita 26 da ɗan kai, a gwada da abin da takardar lasifikar ta nema. Abin da ya fi damunmu shi ne akwatin da ake ajiyewa sake a bayan bas ko wagon, ba ɗauri. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, idan ta yi karo ta tsaya cikin rabin mita, duk abin da ke cikinta yana neman ci gaba da ƙarfin da ya kai kusan nauyinsa sau 20. Akwati mai kilo 10 zai zo kamar buhun siminti huɗu, kan fasinjoji kuma yana gabansa. A ɗaure shi da ƙarfe da noti a jikin mota.

Game da waya, abu uku za mu faɗa, sauran na mai wayarin ne. Kafin a taɓa kome a cire kan batir mai alamar ragi, kuma wayoyi masu rawayen kai a sababbin motoci na jakar iska ne, ba a taɓa su. Na biyu, lasifikar hagu da ta dama su riƙa motsi tare. A ɗauki batirin tocila guda, a taɓa wayoyin lasifika da shi na ɗan lokaci: idan takardar ta fito waje, wayar da ke kan batirin ita ce mai alamar tarawa. Idan aka juya ta gefe ɗaya, wannan tana turawa waccan tana ja, sai mu koma gidan jiya, gangar ta sāke ɓacewa bayan duk wahalar katako. Na uku, yawancin lasifikokin mota om 4 ne. Idan aka rataya biyu a kan waya ɗaya kai da kai suka zama om 2, wutar da rediyo zai bayar ta ninka, ya yi zafi, ya ƙone. Mai ƙara amfilifaya kuma lalle ya sa fis a kan babbar wayar kusa da batir. Batirin mota yana iya zuba ɗaruruwan amfiya cikin wayar da ta goge ta taɓa ƙarfe, wannan kuwa ya isa ya tada gobara.

Tun da mun shiga lissafi, bari mu yi wa aljihun iyaye wani taimako. A kasuwa za a nuna mana lasifika da aka rubuta wat 500 ko 1,000 a kwalinta. Mota mai tafiya tana ba da kimanin bolt 14. Rediyon mota na yau da kullum, wanda ba shi da amfilifaya dabam, matsakaicin abin da zai iya aika wa lasifika ba tare da murya ta dagule ba bai wuce bolt 10 ba. Goma sau goma, a raba da om 4, ya ba da wat 25. Iyakarsa ke nan a kowace lasifika, a aikace ma bai cika kaiwa ba. To, mai wat 1,000 ɗin me za ta ci? A ganinmu, matsakaiciyar lasifika a kan zobe mai kyau ta fi babba da aka rataya da waya, kuma ragowar kuɗin ya sayi littattafan zango guda.

Sa'ad da aikin ya yi kyau, jaraba takan zo, watau a murɗe makunni har ƙarshe domin unguwa ta sani. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa kimanin biliyan 1.1 suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraron ƙara mai yawa. Ma'aunin da ta bayar ga babban mutum shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 83 awa 20, 86 awa 10, 92 awa biyu da rabi kacal. Direban haya da yaron motarsa suna wuni cikin ɗaki ƙarami a rufe, kwana shida a mako. Ƙananan gasun da ke can cikin kunne, masu karɓar sauti, idan suka mutu ba sa sāke tsirowa. Ba mu da ma'aunin desibel a mota, amma akwai alama mai sauƙi: idan sai direba ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji shi, ƙarar ta yi yawa, ba zai kuma ji hon ɗin tirelar da ke bayansa a kan lokaci ba. Lasifikar da ta zauna daidai tana ba da cikakkiyar murya tun makunni yana ƙasa, ba ta bukatar a ƙure ta.

Ga aikin hutu domin 'yan aji uku zuwa sama. Kowa ya nemi izinin mai mota a gidansu ko a maƙwabta, tare da babba a tsaye, ya auna ramin lasifikar ƙofa ɗaya da zurfinsa har zuwa gilashi, ya rubuta sunan motar, ya yanko zoben kwali daidai da ita. A zo da zoben da awon a makon farko na sabon zango. Waɗanda zobensu ya hau daidai, su ne za su fara yanka filawud a ɗakin sana'a.